Wasannin faɗa na bidiyo masu salon anime: asali, farin jini da hanyar ƙwarewa

Wasannin faɗa masu salon anime wani reshe ne na wasannin bidiyo da ya samo asali daga ƙasar Japan, inda mutum biyu ke karawa da juna, kowa na sarrafa jaruminsa a kan allo, har sai ƙarfin ɗaya ya ƙare ko kuma lokaci ya cika.

An san su da saurin motsi, da faɗa a sararin sama, da kuma dogon jerin duka wanda kan ɗauki mai koyo makonni kafin hannunsa ya faɗa.

Shekaru da dama ana yi musu kallon wasannin 'yan tsiraru, waɗanda sai ƙwararru kaɗai ke iya tunkararsu. Sai dai daga shekarar 2018 zuwa yau sun samu karɓuwa a sassa da dama na duniya, har wasu daga cikinsu suka shiga sahun gaba a manyan gasanni.

Ma'anar sunan

Anime dai kalma ce da Japanawa ke amfani da ita ga finafinan zane masu motsi. A wajen Japan kuwa, ana nufin salon zanen ƙasar ne kawai, wanda ya bunƙasa a talabijin tun daga shirin Astro Boy na Osamu Tezuka a 1963.

To amma a wurin masu wasan faɗa, sunan ya wuce batun zane. Idan suka ce wasa mai salon anime ne, galibi suna nufin yadda ake motsi a cikinsa: jarumi na iya tsalle sau biyu kafin ya sauko, yana iya zabura gaba ko baya yana sama, yana kuma iya kare kansa daga duka ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Wannan ne ya sa ba kowane wasa da aka gina kan fim ɗin anime ake sanyawa a wannan rukuni ba. Haka kuma akwai wasannin da ba su da wani fim da aka ciro su daga ciki, amma su ne ginshiƙin rukunin, kamar Guilty Gear.

Asali

Tushen wasannin faɗa na zamani shi ne Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom ya fitar a 1991. Shi ne ya kafa tsarin da har yanzu ake bi: jarumai da dama da mutum zai zaɓa daga ciki, ma'aunin ƙarfi a saman allo, da kuma nasara ga wanda ya ci zagaye biyu cikin uku.

A cikin wasan ne kuma aka gano cewa ana iya katse ƙarshen wani duka a ɗora wani a kansa, tun abokin karawa bai farfaɗo daga na farko ba. Masu ƙera wasan ba su tsara hakan a matsayin ginshiƙi ba, amma sun bar shi, daga bisani ya zama abin da ake kira kwambo, wato jerin duka da ba a iya karewa da zarar na farko ya shiga.

A 1994 Capcom ya fitar da Darkstalkers da kuma X-Men: Children of the Atom. Wasannin biyu sun ƙara sauri, sun kawo kariya a sama da dogon tsalle, suka kuma sauƙaƙa haɗa duka ɗaya da wani. A kan wannan harsashi ne wasannin salon anime suka ɗora gininsu.

Kamfanonin da suka yi fice

Kamfanin da sunansa ya fi fitowa a wannan fage shi ne Arc System Works, wanda aka kafa a 1988, mai hedkwata a birnin Yokohama.

A 1998 ya fitar da Guilty Gear a kan na'urar PlayStation. Wanda ya ƙirƙiro wasan, Daisuke Ishiwatari, an haife shi ne a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu a 1973. Shi ya zana jaruman, shi ya tsara kiɗan, kuma a wasannin farko shi ne ya yi muryar babban jarumin, Sol Badguy.

Guilty Gear X ya biyo baya a 2000, sai Guilty Gear XX a 2002, wanda aka yi ta sabunta shi har tsawon kusan shekaru goma. A 2008 kamfanin ya fito da BlazBlue a ƙarƙashin jagorancin Toshimichi Mori, sannan Persona 4 Arena a 2012.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai Melty Blood, wanda ya fito a watan Disamban 2002. Wasu ƙananan ƙungiyoyi biyu na masu sha'awa ne suka haɗa shi don kwamfuta, suka kai shi Comiket, babbar kasuwar baje kolin ayyukan masu zaman kansu da ake yi a Tokyo. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ce ta rikiɗe ta zama kamfanin French-Bread, wanda ya fitar da Under Night In-Birth a 2012.

Wani babban sauyi ya zo a 2014 da Guilty Gear Xrd. An gina jaruman ne da fasahar kwamfuta mai nuna tsawo da faɗi da kauri, amma aka tsara haske da inuwa da motsinsu ta yadda mai kallo zai ɗauka zanen hannu ne. Da gangan masu aikin suka hana kwamfuta cike giɓin da ke tsakanin wani hoto da na gaba, domin motsin ya yi kama da na finafinan talabijin.

Da wannan fasaha aka ƙera Dragon Ball FighterZ, wanda kamfanin Bandai Namco ya fitar a watan Janairun 2018. An gina shi ne kan labarin Dragon Ball na Akira Toriyama, wanda ya fara fitowa a mujalla a 1984. Kowane mai wasa na zaɓar jarumai uku. Zuwa shekarar 2023 an sayar da kwafi miliyan 10.

Sai Granblue Fantasy Versus a 2020, da Guilty Gear Strive a watan Yunin 2021. Daga cikin sabbin jaruman Strive akwai Nagoriyuki, wani baƙar fata mai ɗauke da doguwar takobin Japanawa, wanda bayanin kamfanin ya nuna cewa asalinsa ɗan Najeriya ne.

Yadda tsarin wasan yake

Kowane jarumi na da duka na yau da kullum, waɗanda ke fita da danna maɓalli guda, da kuma na musamman, waɗanda ke buƙatar a juya sandar sarrafawa ta wata hanya kafin a danna.

Akwai hanyoyi uku na asali: duka, kariya da kamu. Kariya na maganin duka, kamu na maganin mai kariya, shi kuma duka na maganin mai neman kamu. Babu wadda ta fi sauran, kowacce na da abin da ke karya ta.

Kariyar ma iri biyu ce. Wanda ya kare a tsaye ya bar ƙafafunsa a buɗe, wanda ya kare a tsugune kuma dukan da ke saukowa daga sama zai same shi. Idan maharin ya tsallaka ta bayansa, dole ya juya kariyar zuwa ɗaya ɓangaren nan take.

Baya ga ma'aunin ƙarfi, akwai ma'aunin kuzari da ke taruwa yayin faɗa. A Guilty Gear, matsawa gaba da kai hari ne ke cika shi, wanda kuma ya cika ja da baya, wasan kan hukunta shi ta hanyar kwashe masa abin da ya tara.

Da rabin wannan ma'auni ake sayen dabarar da kamfanin ya laƙaba wa suna Roman Cancel, wadda ta fara bayyana a 2000. Tana bai wa mai wasa damar soke motsin da ya fara, ko dai don ya tsawaita jerin dukansa, ko don ya kuɓuta daga kuskuren da ya tafka.

Domin kada wanda aka kama ya zauna yana kallo kawai, tun daga 2002 aka samar da wata hanyar tsira mai suna Burst, wadda ke wancakalar da mahari a tsakiyar jerin dukansa. Sai dai tana daɗewa kafin ta sake cika. Kuma idan maharin ya hango ta, yana iya tsayawa ya kare, daga nan ya sake afka wa mai ita a lokacin da ba shi da sauran mafita.

Abin da ke jan hankalin masu wasa

Abu na farko shi ne 'yancin motsi. A wasanni irin su Street Fighter, yawancin faɗan a ƙasa ake yin sa, kuma wanda ya yi tsalle ya riga ya ɗaure kansa da inda zai sauka. A nan kuwa mutum na iya sauya hanya yana sama, don haka fagen ya fi faɗi, zaɓin ma ya fi yawa.

Na biyu shi ne bambancin jarumai. A Guilty Gear, Potemkin ƙato ne mai nauyin jiki, amma kamunsa guda na cin kaso mai yawa na ƙarfin abokin gaba. Chipp Zanuff na da saurin gaske, amma ba ya jure duka. Axl Low daga nesa yake faɗa da lauje mai sarƙa. Mai riƙe da Zato-1 kuwa abu biyu yake sarrafawa a lokaci guda, wato jarumin da inuwarsa.

Shi ma Nagoriyuki na da nasa sharaɗin. Duk dukan musamman da ya yi na ƙara cika wani ma'auni nasa, idan kuma ya cika ya tumbatsa, ƙarfinsa ne zai riƙa zubewa. Saboda haka mai riƙe da shi na cikin lissafi ne a kowane lokaci.

Wannan bambanci ya sa sauya jarumi kan zama tamkar koyon sabon wasa. Akan samu wanda ya shafe shekaru goma yana riƙe da jarumi guda, har a riƙa gane salonsa tun ba a ga sunansa ba.

Na uku shi ne cewa karawar ta mutum biyu ce. Babu abokin wasa da za a ɗora wa laifi, kuma sa'a ba ta da babban gurbi. Kamar yadda yake a dambe ko dara, wanda ya faɗi ya san cewa ko dai an fi shi shiri, ko an karanci tunaninsa.

Japanawa na kiran wannan karatu yomi. Ma'anarsa ita ce gane abin da abokin karawa zai yi tun bai yi ba, ta hanyar lura da ɗabi'unsa a zagayen da suka gabata.

Akwai kuma waɗanda zane da kiɗa da labari ne suka fara jawo su. Da yawa daga cikin waɗanda suka sayi Dragon Ball FighterZ sun zo ne saboda Goku da Vegeta da suka sani tun suna yara, daga baya suka tsunduma cikin koyon wasan.

Lissafin lokaci

Wasannin faɗa na tafiya ne a kan hotuna 60 a kowace daƙiƙa. Kowane hoto guda, wanda ake kira firam, shi ne ma'aunin lokaci a wasan.

Duk wani duka na da matakai uku: lokacin ɗaukowa, lokacin da yake iya samun mutum, da lokacin komawa daidai. Duka marar nauyi kan fita cikin firam 4 zuwa 6, mai nauyi kuma kan ɗauki ninkin haka ko fiye.

Misali, a ce wani duka na riƙe mai kariya tsawon firam 12, shi kuma maharin na buƙatar firam 10 kafin ya koma daidai. Ke nan maharin zai riga shi motsi da firam 2, kuma idan duka biyun suka danna maɓalli iri ɗaya, na maharin ne zai fara isa.

Idan kuwa maharin na buƙatar firam 20, to ya makara da firam 8. Mai kariya da ke da dukan da ke fita a firam 5 zai same shi babu makawa. Wannan shi ake kira ramuwa, kuma sanin inda take na daga cikin manyan abubuwan da ke raba gwani da ɗan koyo.

Idon ɗan Adam da hannunsa kan ɗauki kimanin rubu'in daƙiƙa kafin su mayar da martani ga abin da suka gani, wato kusan firam 15. Duk abin da ya fi haka sauri ba a iya ganinsa a kare, sai dai a yi hasashe. Dalili ke nan da ya sa sanin halin abokin karawa ya fi saurin hannu muhimmanci.

Masu wasan na da hanyar rubuta motsi da lambobi, bisa tsarin lambobin da ke gefen dama na allon rubutun kwamfuta. Idan jarumi na fuskantar dama, lamba 2 na nufin ƙasa, 6 gaba, 4 baya, 8 sama, 5 kuma tsayuwa ba motsi. Don haka 236 na nufin ƙasa, ƙasa da gaba, sannan gaba. Tsarin ya sa ɗan Japan da ɗan Brazil na iya musayar darasi ba tare da sun ji harshen juna ba.

Matakan ƙwarewa

Kuskuren da aka fi sani ga masu koyo shi ne fara wa da haddar dogon jerin duka. Mutum kan shafe kwanaki yana maimaita shi a fagen atisaye, amma idan ya shiga karawa ta gaske sai ya kasa samun dukan farko da zai buɗe masa hanya.

Abin da ƙwararru suka fi ba da shawara a kai shi ne a zaɓi jarumi guda a tsaya a kansa, a san nisan kowane duka nasa, a kuma koyi gajeren jeri ɗaya ko biyu da hannu ba zai kuskure ba ko da gaba na faɗuwa.

Mataki na gaba shi ne kariya. Sabon mai wasa na da ɗabi'ar danna maɓalli a duk lokacin da aka matsa masa, wanda hakan ke ƙara jefa shi cikin tarko. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce a kare a tsugune, a miƙe kawai idan an ga duka na saukowa daga sama, a kuma jira giɓin da za a rama.

Daga nan sai kakkaɓo mai tsalle. Tunda yawancin hare-hare ta sama suke zuwa, wanda bai iya tare su ba zai ci gaba da shan wahala a hannun kowa. A Guilty Gear kusan kowane jarumi na da duka guda da aka tanada don wannan aiki, wanda ake yi da matsa gaba tare da maɓallin naushi.

Akwai kuma abin da ake kira okizeme, wato matsa wa wanda aka kayar lamba a daidai lokacin da yake tashi. A wannan lokaci zaɓinsa kaɗan ne, shi ya sa gwanaye kan gwammace su rage tsawon jerin dukansu muddin za su ƙare shi a inda za su ci gaba da riƙe ragama, musamman a lungun fage.

Fagen atisaye na wasannin zamani na bai wa mutum damar naɗar wani motsi da ya dame shi, ya sa kwamfuta ta yi ta maimaita masa har ya gano maganinsa. Haka kuma wasannin na adana faifan karawa, inda mutum zai koma ya duba inda aka fi samunsa.

Hanyar da aka fi ganin amfaninta ita ce ɗaukar matsala guda a lokaci guda. Mai koyo kan shiga karawa da niyyar kakkaɓo duk wani tsalle, ko da zai sha kaye a ƙarshe. Idan wannan ya zauna a hannu, sai ya koma kan wani.

Doguwar karawa da mutum ɗaya, kamar wasa 10 ko 20 a jere, ta fi gajeru da mutane daban-daban koyarwa, domin a nan ne abokin karawa ke gano ɗabi'ar mutum ya tilasta masa sauya ta. Shan kaye da yawa a watannin farko abu ne da kowa ke bi ta kansa. Hausawa na cewa da koyo akan iya.

Su ma kamfanonin sun yi ƙoƙarin rage wahalar shiga. Persona 4 Arena da Dragon Ball FighterZ na da jerin duka da ke fita da maimaita maɓalli guda. A Granblue ana iya yin dukan musamman ba tare da juya sanda ba. Strive kuma ya gajarta jerin duka, ya kuma sa bangon fage na fashewa idan an daɗe ana dukan mutum a lungu, sai a koma tsakiya. Wasu tsofaffin masu wasa sun soki wannan sauƙaƙawa, suna ganin ta rage zurfin wasan.

Ɗakunan wasa da gasanni

A Japan, waɗannan wasanni sun girma ne a ɗakunan wasa na kuɗi, inda akan jefa yen 100 a yi wasa guda. Akan jera na'urori biyu baya da baya, wanda ya ci ya ci gaba da zama, wanda aka ci kuma ya tashi ko ya sake biya. Tunda kowace faɗuwa na da farashi, mutane kan koyi darasi da wuri.

Daga 2003 zuwa 2012 an riƙa gudanar da gasar Tougeki, wadda ta tara zakarun ɗakunan wasa na faɗin ƙasar. Sai dai harkar ta ja baya matuƙa. Daga sama da ɗakuna 26,000 a 1986, adadin ya sauko zuwa kimanin 4,000 a 2019, kuma a 2022 kamfanin Sega ya kammala ficewa daga harkar gudanar da su.

Gasar da ta fi kowacce suna a duniya ita ce Evo. Ta faro ne a 1996 a jihar Kalifoniya ta Amurka da sunan Battle by the Bay, aka sauya mata suna a 2002, sannan ta koma Las Vegas a 2005. Kowa na iya yin rajista, kuma sai an ci mutum sau biyu ake fitar da shi.

A 2018 Dragon Ball FighterZ ne ya fi kowane wasa yawan masu shiga gasar, da mutum sama da 2,500. Kambun ya tafi ga SonicFox na Amurka bayan karawar ƙarshe da GO1 na Japan. A 2019 suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, inda GO1 ya rama. A 2023 kuma Leffen na ƙasar Suwidin ne ya lashe gasar Guilty Gear Strive.

Wani abin da ya ja hankali a 2019 shi ne nasarar Arslan Ash na birnin Lahore a Pakistan, wanda ya lashe gasar Tekken 7 a Evo ta Japan da ta Amurka a shekara guda. Ko da yake ba a lissafa Tekken cikin salon anime, nasarar ta nuna cewa ƙaramar al'umma da ke karawa da juna kullum na iya fitar da zakaran duniya daga inda ba a zata ba.

A 2021 kamfanin Sony da wani mai suna RTS suka sayi Evo. A 2025 kuma kamfanin Qiddiya na Saudiyya ya mallaki RTS.

Matsalar intanet

Tunda ana lissafi ne da firam, ɗan jinkiri kaɗan na iya ɓata wasa. Tsohon tsarin da kamfanonin Japan suka daɗe suna amfani da shi kan jira saƙon ɗaya ɓangaren ya iso kafin ya nuna motsi, abin da ke sa hannu ya yi nauyi idan nisa ya yi yawa.

Wani injiniya ɗan Amurka, Tony Cannon, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Evo, ya samar da wata manhaja mai suna GGPO da ke bin wata hanya daban, wadda ake kira rolbak. Na'ura kan nuna motsin mai ita nan take, ta yi hasashen cewa abokin karawa na ci gaba da abin da yake yi. Idan saƙo ya iso aka ga saɓani, sai ta koma baya ta gyara cikin ƙiftawar ido. A 2019 ya saki manhajar kyauta ga kowa.

Annobar korona ta 2020, wadda ta rufe ɗakunan wasa ta kuma hana tarukan gasa, ita ta tilasta wa kamfanonin Japan rungumar tsarin. A ƙarshen shekarar aka sanya shi a tsohon Guilty Gear XX, Strive ya fito da shi a 2021, BlazBlue ya samu a 2022, Dragon Ball FighterZ kuma a 2024.

Duk da haka tsarin bai kawar da nisa ba. Saƙo na tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin wayar gilashi. Tsakanin Legas da London akwai kusan kilomita 5,000, ke nan zuwa da dawowa ba zai gaza firam 3 ba ko da layin miƙaƙƙe ne, kuma wayoyin ƙarƙashin teku sun fi haka tsawo. Ga masu wasa a Afirka ta Yamma, samun abokan karawa na kusa da layi marar yankewa ya fi yawan kuɗin data muhimmanci.

Abubuwan da ake ƙorafi a kai

Wasannin salon anime ba su cika nuna jini da yanke gaɓoɓi irin na Mortal Kombat ba, wasan da ya kai ga zaman sauraron bahasi a majalisar dattawan Amurka a 1993, da kafa hukumar tantance shekarun masu wasa a 1994. A Amurka an ware Dragon Ball FighterZ ne ga 'yan shekara 13 zuwa sama.

Sai dai wannan ma'auni na ƙasashen da suka kafa shi ne. Shigar wasu jarumai mata a wasanni da dama ba ta dace da tarbiyyar gidajen Musulmi ba, kuma labaran na ƙunshe da tsafi da aljanu da masu shan jini. Iyayen da ke son sanin abin da 'ya'yansu ke kallo za su fi samun gamsuwa idan suka duba wasan da idonsu.

Akwai kuma batun lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Hukumar ta bayyana ta da cewa ita ce mutum ya kasa sarrafa wasansa, ya fifita shi kan sauran al'amuran rayuwa, ya kuma ci gaba duk da illar da yake gani, galibi na tsawon watanni 12. Ta kuma ce kaso kaɗan ne na masu wasa abin ke shafa.

Ta fuskar kuɗi kuwa, sayen wasa ba shi ne ƙarshen kashewa ba, domin kamfanoni kan riƙa sayar da sabbin jarumai daban bayan fitowarsa. Kuma 'yan ƙalilan ne a duniya ke iya dogaro da kyautar gasa a matsayin sana'a.

A 2025 Arc System Works ya sanar da wani sabon wasa mai suna Marvel Tokon: Fighting Souls, tare da haɗin gwiwar Sony da Marvel, inda kowane mai wasa ke riƙe da jarumai huɗu. Sanarwar ta zo ne shekaru 27 bayan fitowar Guilty Gear na farko.